Alƙalamin da ke bayan ƙaho: Fletcher Henderson da faya-fayan manyan ƙungiyoyin jaz

Ranar 21 ga watan Agusta na shekarar 1935, ƙungiyar makaɗan Benny Goodman ta hau dandamali a wani katafaren gidan rawa mai suna Palomar, a birnin Los Anjalas na ƙasar Amurka. Makaɗan sun iso ne a gajiye, bayan doguwar tafiyar da suka yo daga gabashin ƙasar, inda a wurare da dama jama'a suka yi musu riƙon sakainar kashi. A garin Denver ma har wasu masu rawa suka nemi a mayar musu da kuɗinsu. Saboda haka a wannan dare sai suka fara da kiɗe-kiɗe masu sanyi, irin waɗanda masu gidajen rawa suke so. Da Goodman ya ga zauren bai motsa ba, sai ya ba da umarni a fiddo takardun kiɗa masu zafi da aka yi ta ɓoyewa a kan hanya. Ba a jima ba samari da ƴan mata suka yi dafifi gaban dandamali suna sowa. Daga wannan dare ne masu rubuta tarihin jaz suka saba ƙirga farkon abin da ake kira zamanin suwing.

Mafi shahara daga cikin takardun nan, wani Baƙar fata ne ya rubuta su, mai suna Fletcher Henderson, wanda tasa ƙungiyar ta watse a ƙarshen 1934 saboda rashin kuɗi. Tarihinsa yana nuna abubuwa biyu da mai sauraro bai cika lura da su ba: cewa muryar babbar ƙungiyar jaz daga alƙalamin mai tsara kiɗa take fitowa, kuma faifan garmaho, da iyakokinsa, shi ne ya yanka wa wannan tsari girmansa, ya kuma yanke wanda za a tuna da wanda za a manta.

Abin da ake nufi da tsarin kiɗa

A birnin New Orleans, inda jaz ya yi wayo a farkon ƙarni na 20, ƙungiya ba ta cika wuce mutum biyar zuwa bakwai ba. Mai ƙaho ya riƙe karin waƙa, mai kilarinet ya yi masa ado ta sama, mai turombon ya tokare ta ƙasa, kowa yana saƙa tasa a lokaci guda. Wannan yana yiwuwa muddin mabusa uku ne. Amma manyan gidajen rawa na Niyok da Shikago sun bukaci ƙara mai cika zaure, a lokacin da babu na'urorin ƙara sauti. Da aka tara mutum 11, daga baya 14 ko fiye, sai ya zama dole a samu wanda zai raba aiki, in ba haka ba kiɗa ya koma hayaniyar kasuwa.

An kasa ƙungiyar gida uku. Akwai sashen ƙahonin tagulla, wato turampet da turombon. Akwai sashen saksofon, waɗanda kan ɗauki kilarinet idan an bukata. Sannan akwai masu riƙe taki, wato piyano, da banjo ko gita, da tuba ko kontirbas, da ganguna. Aikin mai tsari shi ne ya ɗauki waƙar da wani ya ƙaga, ya yanke wane sashe zai fara, wane zai amsa, sautuka nawa za a jera a kan juna, a ina za a yi shiru a bar mabushi ɗaya ya ƙirƙiro nasa nan take, kuma ta yaya za a rufe. Sai ya rubuta wa kowane makaɗi takardarsa dabam. Waƙa ƙyalle ce, mai tsari kuwa maɗinki: ƙyalle ɗaya, wani ya fitar da riga mai ɗaukar ido, wani ya ɓata shi.

Ba Henderson ne ya fara raba ƙungiya sashe-sashe ba. Tun wajen 1920 Paul Whiteman da mai yi masa tsari, Ferde Grofé, suna yin haka a kiɗan rawa na fararen fata, kuma kamfanonin buga waƙoƙi suna sayar da tsararrun takardu ga duk mai so. Abin da ya rage shi ne a sa takarda ta yi numfashi irin na jaz, kuma a nan ne ƙungiyar Henderson ta yi zarra.

Henderson, Redman da Armstrong

An haifi Fletcher Henderson a watan Disamba na 1897 a garin Cuthbert na jihar Jojiya. Mahaifinsa shugaban makaranta ne, mahaifiyarsa kuma ita ta koya masa piyano. Ya karanci ilimin sinadarai da lissafi a Jami'ar Atlanta, ya tafi Niyok a 1920 da niyyar ci gaba da wannan fanni. Sai dai ƙofofin irin wannan aiki a rufe suke ga Baƙar fata a wancan zamani. Ya koma kaɗa piyano a kamfanin buga waƙoƙi na Pace da Handy, daga nan ya zama mai kula da kiɗa a kamfanin faya-fayai na Black Swan, yana raka mawaƙa mata irin su Ethel Waters. A 1924 ƙungiyarsa ta samu gindin zama a gidan rawa na Roseland, inda makaɗa baƙaƙe ke yi wa fararen fata zalla kiɗa.

A waɗannan shekaru na farko, ba Henderson ke riƙe da alƙalami ba. Wannan aiki na Don Redman ne, wani mai busa saksofon daga jihar West Virginia da ya yi karatun kiɗa mai zurfi. Redman ya riƙa yayyanka karin waƙa yana jefa shi tsakanin tagulla da saksofon, wannan ya faɗa, wancan ya karɓa. Duk wanda ya saba jin makaɗin fada da ƴan karɓinsa zai gane dabarar nan take, kodayake ita a Amurka ta biyo ne ta majami'un baƙaƙe da waƙoƙin aikin gona, inda mai wa'azi ko jagora ke bayarwa jama'a na amsawa.

A watan Oktoba na 1924 Henderson ya ɗauko wani matashin mai ƙaho daga Shikago, Louis Armstrong. Shekara ɗaya da ɗoriya kawai ya yi a ƙungiyar, amma ya bar ta ba kamar yadda ya same ta ba. A faifan «Copenhagen» na wannan wata, ana jin bambancin a fili: ƙungiya tana tafiya a tsaye ƙiƙam, da Armstrong ya shigo sai taki ya saki jiki. Redman da kansa ya amsa daga baya cewa jin Armstrong ya sa shi sauya salon rubutunsa. A «Sugar Foot Stomp» na watan Mayu 1925 da «The Stampede» na 1926, sassan ƙungiyar sun fara busa kamar yadda mabushi ɗaya ƙwararre zai yi. A 1927 Redman ya tafi Detroit domin jagorancin McKinney's Cotton Pickers. Wasu suka riƙe aikin bayansa, ciki har da Benny Carter da ƙanen Henderson mai suna Horace, kafin shi kansa Fletcher ya rungumi alƙalami sosai a farkon shekarun 1930.

Hukuncin minti uku

Ba a iya fahimtar waɗannan tsare-tsare sai an san faifan da aka ɗauke su a kai. Faifan wancan lokaci yana juyawa sau 78 a minti ɗaya, kuma wanda aka fi sayarwa, mai faɗin inci 10, ba ya ɗaukar abin da ya wuce kimanin minti uku a kowace fuska. Allura ce ke sassaƙa sauti kai tsaye a kan faifan kaki. Babu yankewa, babu liƙi: in mabushi ɗaya ya yi tuntuɓe a daƙiƙar ƙarshe, ko dai a sake daga farko, ko a bar kuskuren ya shiga tarihi.

Har zuwa 1925 ma babu makirfo. Makaɗa kan taru gaban wani babban mazurari, a matso da mai raunin sauti kusa, a tura mai ƙarfi baya. Manyan ganguna kuwa sau da yawa akan rage su don kada allura ta yi tsalle. Da kamfanonin Victor da Columbia suka koma ɗaukar sauti ta wutar lantarki a wannan shekara, sai sautukan ƙasa suka fara fitowa. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa kontirbas da gita suka maye gurbin tuba da banjo a hankali, taki ya yi laushi, ya koma bugu huɗu masu daidaito a maimakon biyu masu nauyi.

A gidan rawa ana iya jan kiɗa ɗaya tsawon minti goma, mabusa suna karɓa-karɓa. A ɗakin ɗaukar faifai kuwa dole mai tsari ya zama mai tsimi: ƴar gajeriyar buɗewa, karin waƙa sau ɗaya, mabusa biyu ko uku kowa da ƴan daƙiƙoƙinsa, sannan rufewa mai tashe. Ƙuncin nan ya zama horo. Ya kamata dai mai sauraro na yau ya riƙa tunawa cewa abin da ke cikin faifai taƙaitawa ce ta abin da masu rawa suka ji.

Tafiyar «King Porter Stomp» daga kunne zuwa takarda

Wannan kiɗa na Jelly Roll Morton ne, ɗan New Orleans, wanda ya ɗauke shi da piyano shi kaɗai a 1923. A hannunsa kiɗan yana da ɓangarori da yawa a jere, irin na tsohon salon ragtime. Ƙungiyar Henderson ta ɗauke shi a faifai a 1928, ta sake a watan Disamba na 1932 da sunan «New King Porter Stomp», ta kuma sake a 1933. Wanda ya jera faya-fayan nan uku ya saurara zai ji yadda ake sassaƙa abu: ana rage ɓangarorin farko, ana daɗewa a kan na ƙarshe wanda ya fi daɗin ƙirƙira, taki yana ƙara santsi, kuma rufewar tana zama musayar gajerun jimloli tsakanin tagulla da saksofon, kowane zagaye ya fi na baya zafi.

Muhimmin abu shi ne, yawancin wannan ba a rubuce yake ba tun farko. Makaɗan ne suka gina shi dare bayan dare, wani ya kawo jimla, saura su ɗora mata sautuka, abin ya zauna a ka. John Hammond, wanda ya shirya ɗaukar faifan 1932, ya ba da labarin yadda makaɗan suka iso a makare ƙwarai, har lokacin da aka ware ya kusa ƙarewa, amma duk da haka suka fitar da abin da ake yabo har yau. Labarin yana nuna ƙarfin ƙungiyar da rauninta a lokaci guda. Henderson mutum ne mai sanyin hali, wanda bai iya tsawatawa ba, bai kuma iya ciniki ba. Waɗanda suka san shi sun ce abin ya ƙaru bayan haɗarin mota da ya yi a 1928. Ga kuma karayar tattalin arziki da ta fara a 1929: faya-fayan da ake sayarwa a Amurka sun faɗo daga sama da miliyan 100 a 1927 zuwa kimanin miliyan 6 a 1932. Babban mai saksofon ɗinsa, Coleman Hawkins, ya tafi Turai a 1934. A watan Satumba na wannan shekara ƙungiyar ta ɗauki «Wrappin' It Up» da «Down South Camp Meeting» a kamfanin Decca, waɗanda ke cikin mafi kyawun ayyukan Henderson, sannan ba da jimawa ba ta watse.

A daidai wannan lokaci ne Benny Goodman, ɗan wasu matalautan Yahudawa baƙin haure a Shikago, ya samu gurbi a shirin rediyo na NBC mai suna «Let's Dance», wanda wani kamfanin biskit ya ɗauki nauyi daga Disamba 1934 zuwa Mayu 1935. Shirin ya ba shi kuɗin sayen sababbin tsare-tsare kowane mako, ga shi kuwa ba shi da taskar takardu. Henderson yana da taska, ba shi da ƙungiya. Ya sayar wa Goodman tsofaffin ayyukansa, ya rubuta masa sababbi, ya kuma zauna ya mayar da «King Porter Stomp» kan takarda, wato ya rubuta abin da makaɗansa suka yi shekaru suna ginawa da kunne.

Ranar 1 ga watan Yuli na 1935 ƙungiyar Goodman, mai mutum 14, ta ɗauki kiɗan a kamfanin Victor, Bunny Berigan yana buɗe shi da turampet, Gene Krupa yana kan ganguna. A ɗaya fuskar faifan akwai «Sometimes I'm Happy», shi ma tsarin Henderson. Goodman mutum ne mai tsananin horo, wanda ke sa a maimaita jimla har sai mabusa huɗu sun zama kamar baki ɗaya. Tsabtar da ƙungiyar Henderson ba ta damu da ita ba, shi ya kawo ta. Dangance da abin da ya faru a Palomar kuwa, akwai dalili mai sauƙi: sa'ar da ƙungiyar Goodman ke shiga shirin rediyo dare ya riga ya tsala a Niyok, amma Kalifoniya tana baya da awa uku, matasanta suna farke, sun kuma riga sun san kiɗan.

Kura da shan bugu

Jaridu suka naɗa Goodman sarkin suwing. Ranar 16 ga Janairu 1938 ya kai kiɗan zauren Carnegie Hall, inda a da aka fi jin kiɗan gargajiyar Turai. Adalci ne a faɗi cewa bai taɓa ɓoye bashin da Henderson ke bin sa ba, yana ambatonsa a fili, kuma yana cikin na farko da suka hau dandamali tare da makaɗa baƙaƙe, Teddy Wilson da Lionel Hampton, tun 1936. A 1939 ya ɗauki Henderson kansa aiki a matsayin mai piyano da mai tsari.

Matsalar ta fi halin mutum ɗaya girma. Bisa ƙa'idar haƙƙin mallaka da al'adar kasuwar, kason da ke fitowa daga cinikin faifai yana tafiya ne ga wanda ya ƙagi waƙa da kamfanin da ya buga ta. Mai tsari ana biyansa ladan aikinsa sau ɗaya, shi ke nan. Manyan otal-otal da shirye-shiryen rediyo masu tsoka kuwa kusan duk na ƙungiyoyin fararen fata ne. Shi ya sa alƙaluma suka riƙa ƙaura ta hanya ɗaya: «Stompin' at the Savoy» na Edgar Sampson ya taso daga ƙungiyar Chick Webb ya zo ga Goodman, Mary Lou Williams, mai tsara wa Andy Kirk, ta rubuta wa Goodman «Roll 'Em» a 1937, Sy Oliver ya bar Jimmie Lunceford ya koma wajen Tommy Dorsey a 1939. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Shi ma Morton, mai asalin kiɗan, ya rasu a 1941 cikin talauci a Los Anjalas, garin da aka yi wa kiɗansa sowa shekara shida kafin nan.

Wasu hanyoyi biyu

Ba kowace ƙungiya ce ta bi tafarkin Henderson ba. Ta Count Basie, da ta taso daga Kansas City a 1936, ta iso Niyok da ƴan takardu kaɗan. Yawancin kiɗanta a ka yake. «One O'Clock Jump», da aka ɗauka a watan Yuli 1937, gini ne na gajerun jimloli da sassa ke ɗora wa juna. Ba don faifai ba, da irin wannan aiki ya tafi tare da waɗanda suka haddace shi.

Duke Ellington kuwa ya haɗa abin da Henderson ya rasa: shi ne mai ƙagawa, shi ne mai tsari, shi ne shugaba. Ba ya rubuta wa kayan busa, mutane yake rubuta wa, har a takardunsa sunan makaɗi ko laƙabinsa ake gani. «Concerto for Cootie» na watan Maris 1940 an ɗinka shi ne daidai muryar turampet ɗin Cootie Williams. Ya kuma yi ta kokawa da iyakar minti uku: «Creole Rhapsody» na 1931 ya cinye fuska biyu, «Reminiscing in Tempo» na 1935 ya cinye huɗu. Kason da yake samu a matsayin mai ƙagawa ya taimaka masa riƙe ƙungiyarsa har rasuwarsa a 1974. Amma ko a gidansa akwai alƙalamin bayan fage, Billy Strayhorn, wanda ya ƙagi «Take the "A" Train» da aka ɗauka a watan Fabrairu 1941. Ɗan Ellington, Mercer, ya ba da labarin cewa a kwandon shara ya tsinci takardar, domin Strayhorn ya ga ta yi kama da tsarin Henderson da yawa. Wannan kiɗa ne ya zama taken shirin jaz na Willis Conover a Muryar Amurka daga 1955, wanda ake kamawa a Afirka ta gajeren zango. Ƙungiyar Ellington kuma ta zo Dakar a watan Afrilu 1966, a bikin duniya na fasahar baƙaƙen fata.

Abin da ya rage

Zamanin manyan ƙungiyoyi bai daɗe ba. Daga 1 ga Agusta 1942 sandikar makaɗan Amurka ta hana mambobinta ɗaukar faifai, tana neman kaso daga kamfanoni, kuma Victor da Columbia ba su sauko ba sai Nuwamba 1944. Yaƙin duniya ya kwashe makaɗa, harajin da aka ɗora wa gidajen rawa a 1944 ya rufe da yawa, jama'a suka karkata ga mawaƙa. A watan Disamba 1946 manyan ƙungiyoyi da dama suka watse cikin ƴan makonni, har da ta Goodman. Dogon faifai mai ɗaukar sama da minti ashirin a fuska ɗaya ya fito a 1948, lokacin da galibin masu bukatarsa sun riga sun tarwatse.

Henderson ya samu shanyewar ɓarin jiki a 1950, ya rasu a Niyok a watan Disamba 1952. A 1961 kamfanin Columbia ya tattara tsofaffin faya-fayansa cikin kundi mai suna «A Study in Frustration», sunan da ke nuni ga rayuwar da ba ta cimma gurinta ba. A 2005 masanin kiɗa Jeffrey Magee ya wallafa littafi a kansa, inda ya kira shi sarkin suwing da ba a naɗa ba. Takardun da Goodman ya tara suna Jami'ar Yale, na Ellington kuma cibiyar Smithsonian ta karɓe su a 1988. Inda takarda ta ɓace, masana kan zauna da faifai su saurara su mayar da kowane sauti rubuce. Ta haka ne shirin Essentially Ellington, da aka fara a Niyok a tsakiyar shekarun 1990, ya riƙa raba wa makarantun sakandare tsare-tsaren da ɗalibai ke busawa.

Kiɗan ya taso daga kunne ya shiga takarda, daga takarda ya shiga faifai, daga faifai ya sake komawa takarda. A kowane zango akwai hannayen da ba a rubuta sunansu ba. An san Morton ya ƙagi «King Porter Stomp», an san Henderson ya rubuta shi, an san Goodman ya kai shi duniya. Mabusan da suka fara jefa waɗannan jimloli na rufewa a wani dare a Roseland kuwa, sunayensu suna cikin jerin ƴan ƙungiya, amma babu takardar da ta ce wane ne ya kawo wace.